Yatsun Lurwanu

Duk wanda ya zauna a unguwar Zahir ta Makka a shekarun da suka biyo bayan yaƙin Turawa ya san Lurwanu ɗan Dawuda Wanzami. Wanda bai riƙe fuskarsa ba ma ya riƙe hannuwansa, domin su yake fara turowa gaba kafin shi ya iso. Tafe yake da su a ɗage daidai ƙirji, a naɗe cikin farin ƙyalle, kamar mai ɗauke da ƙwai. Ka miƙa masa hannu a gaisa, sai ya ba ka gwiwar hannu, ya ce ka yi haƙuri, yatsun nan amana ce. 'Yan unguwa Hakimu suke ce masa, wato likita a bakin mutanen Makka. Yayarsa Sa'adiya kuwa ba ta taɓa kiransa da sunan nan ba, ko da wasa. Lurwanu ta sani, kuma ta san shi ciki da bai.

Ubansu Dawuda da ƙafa ya zo daga ƙasar Kano, zabira a kafaɗa, yana aski yana ƙaho gari-gari har ya ƙetare Sudan. A Makka ya yi aure, a nan ya haifi 'ya'ya biyu, a nan ya binne uwarsu. Sa'adiya ce babba. Ta auri wani mai raƙuma, zazzaɓi ya kashe shi a hanyar Jidda, ta dawo gaban ubanta ba ɗa ba jika. Waina da kunu take sayarwa a ƙofar gida, in aikin hajji ya zo ta ɗauki kaskonta ta bi alhazai Arfa. Ba ta da wani abu a duniya da ya wuce tsohon nan. Ita ke masa tuwo, ita ke wasa masa aska da idonsa ya fara rauni, kuma babban burinta bai wuce ta ga ya tsufa lafiya ba.

Shi kuwa Lurwanu, Allah na tuba, ba sana'ar da ba a gwada masa ba. Aka ba shi aska, ya yanke wa wani Bahindiye kunne. Aka ce to ya riƙe ƙaho, yana ganin jini ya zube a sume, sai da aka bar mai ciwon aka koma kansa. Aka sa shi ga-ruwa, ya yi sawu biyu ya ce kafaɗarsa ta goce. Gemu ya fito masa yana kwance a zaure yana korar ƙuda, in an yi magana ya ce shi ba a halicce shi don wahala ba. Dawuda bai taɓa ɗaga masa murya ba. Kullum maganarsa ɗaya ce: "Ku ƙyale shi, kowa da ranar da Allah zai buɗa masa."

Ana nan sai yaƙin Turawa ya tashi, jiragen ruwa suka ɗauke ƙafa daga Jidda, alhazai da yawa suka maƙale. Cikinsu akwai wani dattijo mai suna Abdulganiyyu, gajere, ƙananan idanu, gemu 'yan tsiraru. Ya ce shi mutumin Tibet ne, wata ƙasa can saman duwatsu bayan ƙasar Hindu, inda ruwa ke daskarewa a cikin tulu. Musulmi 'yan kaɗan ne a can, in ji shi, kuma tun yana yaro ya koyi magani a hannun likitocin ƙasar, waɗanda ba Musulmi ba. Guzurinsa ya ƙare. Ya zo aski wurin Dawuda, hira ta yi hira da gurguwar Larabci daga ɓangarorin biyu, kafin la'asar an share masa ɗakin da ke kusa da zaure.

Ba a jima ba unguwa ta gane baƙon nan ba na banza ba ne. Ba ya tsaga, ba ya rubutun sha. Yatsu uku kawai zai ɗora a wuyan hannunka na dama, uku a na hagu, ya rufe ido, ya yi shiru har ka zaci barci ya yi, sannan ya faɗa maka abin da ke damunka. Dawuda ya ga haka, sai wata safiya ya jawo Lurwanu ya durƙusar da shi gaban baƙon, ya roƙe shi don Allah ya koya masa. Abdulganiyyu ya kama hannun Lurwanu ya juya, ya shafa kan yatsun ɗaya bayan ɗaya, ya ɗaga kai da mamaki.

"Wannan bai taɓa aiki ba?"

"Ko kaɗan," in ji Sa'adiya daga bakin murhu.

"Irin yatsun da ake nema ke nan," in ji dattijon. "Fata mai kanta ba ta jin jijiya."

Wayyo Sa'adiya. Da ta san abin da kalmar nan za ta haifa, da ta cusa wa baƙon waina a baki kafin ya ƙarasa ta. Ragon da duniya ta gaji da shi, yau an ce lalacinsa baiwa ce. Lurwanu ya kalli hannuwansa kamar yau ya fara ganinsu, kuma daga ranar ko buta bai ƙara ɗauka da kansa ba.

Karatun ba wasa ba ne, a faɗi gaskiya. Da asuba ake yinsa, kafin rana ta leƙo kan duwatsu, domin a wurin Abdulganiyyu lokacin ne jijiya ke faɗin gaskiya. Mai ciwo zai zo bai ci ba, bai sha shayi ba, bai yi tafiya mai nisa ba. In rana ta take, ko wane ne kai, ba zai taɓa hannunka ba, sai ya ce ka dawo gobe. Bayan jijiya sai fitsarin farko na safe, a cikin farin tangaran: a duba launinsa, a duba tururinsa, a kaɗa shi da tsinke a ga irin kumfar da zai yi. Sannan ga bishiya. A ƙasarsu, in ji shi, ɗalibi sai ya haddace wata bishiya ta ilimi mai saiwoyi da rassa da ganyaye masu yawan gaske, shekara da shekaru, kafin a bar shi ya taɓa mutum. Da ya auna kan Lurwanu, sai ya sassabe bishiyar ya bar mata manyan rassa biyu. Yakan shimfiɗa ta a tsakar gida: reshen ciwon sanyi da ƙwallayen dabino, reshen ciwon zafi da fararen tsakuwa. Kowane ƙwallo ciwo ne, da alamarsa, da abincinsa, da maganinsa.

Da reshen sanyi aka fara, saboda a shekarun nan hajji cikin sanyi take faɗowa, masu zuwa duk tari ne da ciwon gaɓɓai da kumburin ciki. Maganinsu abubuwa masu ɗumi: citta, masoro, ɓawon rumman, man shanu mai zafi. In abin ya ƙi, sai wuta. Dattijon yakan murza busasshen tazargade ya yi ɗan curi mai tsini, ya ɗora a wani gurbi na musamman a jiki, tsakar ka ko ƙeya ko ƙirji, ya kunna masa garwashi, ya bar shi ya ci a hankali har ya taɓa fata. Wannan kam Lurwanu ya so shi. Akwai hayaƙi, akwai 'yan kallo, kuma ba jini.

Sauran aikin fa? Daka citta aikin almajirin likita ne, haka tankaɗe, haka wanke tangaran, haka hawa dutse neman ganye. Amma taɓarya tana sa kanta, dutse yana yanka. To wa zai yi? Sa'adiya mana. Ta gama suyar waina ta hau turmi, ta gama turmi ta wanke kwanon fitsarin ƙattin da ba ta san daga inda suka fito ba. Da yamma kuma Lurwanu ya miƙo mata hannuwa ta shafa musu man shanu ta naɗe. Sau ɗaya ta ce ba za ta yi ba. Dawuda ya dube ta da idanun nan nasa masu ruwa-ruwa ya ce, "Haba 'yar nan, ɗan'uwanki ne fa. Yanzu ne Allah ya buɗa masa." Ta jawo kwanon man.

Reshen sanyi kaɗai ya ci shekaru, domin kan Lurwanu kamar rariya yake. Abin da aka zuba da asuba, kafin azahar ya tsiyaye. Abdulganiyyu ya yi haƙuri irin na mutanen da, ya maimaita, ya sake maimaitawa. Da ƙyar da jiɓin goshi aka kai ƙwallon dabino na ƙarshe. Ranar da dattijon ya fara jera fararen tsakuwa kuwa, ɗalibi ba ya nan. Ashe tuni ya fara duba mutane a ɓoye a bayan kasuwa. A hajjin shekarar ya sa wa wani attajiri ɗan Sakkwato wuta a ƙeya a Minna, tarin da ya hana shi barci ya lafa, ko don wutar ko don lokacin lafawarsa ya yi, Allah masani. Attajirin ya ba shi alkyabba, ya yi ta yayata shi tanti-tanti. Shi ke nan, kai ya kumbura. Dattijo ya jera tsakuwa da asuba ya zauna jira, rana ta fito, kaji su watsa, Sa'adiya ta share. Haka aka yi ta yi har yaƙi ya ƙare.

Da jirage suka dawo, Abdulganiyyu ya ɗaure kayansa. Ranar tafiyarsa ya zaunar da uba da ɗa a tsakar gida, Sa'adiya tana gefe tana ɗaure masa guzuri.

"Dawuda, ka riƙe ni da mutunci, ba zan yi maka ƙarya ba. Ɗanka rabi ya koya. Rabin ma na ƙasarmu ne, inda sanyi ke kisa. Nan ƙasar zafi ce."

"Zai ƙarasa a hankali, ya Hakim," in ji Dawuda.

Dattijon ya juya ga Lurwanu. "Ka saurare ni. Akwai zafin da ke ɓuya. Ka taɓa mutum ka ji fatarsa sanyi ƙalau, gumi na zuba, jijiya ta yi siriri, ka rantse sanyi ne, alhali wuta ce ke cinsa a ciki. Wanda ka ƙara wa wuta a wannan hali ka kashe shi. Ka yi mini alkawari, in watannin zafi suka shigo, ba kai ba tazargade."

"Ɗayyib, ɗayyib," in ji Lurwanu, wato to, to, a bakin Larabawa.

Sa'adiya ta ga inda idonsa yake. Ba a kan malaminsa yake ba, yana kan wata jar riga ta ulu mai kauri da dattijon ya ajiye a gefe don ta yi masa nauyi a kaya. Ita da ba a yi maganar dominta ba, ita ce ta ji ta. Abdulganiyyu bai kai ƙarshen lungu ba Lurwanu ya zura rigar.

Daga nan sai kasuwa ta buɗe. Zauren da yake kwana yana korar ƙuda ya zama wurin ganin Hakimu. Ya zauna cikin jar rigar ulu, a garin Makka, gumi na bin wuyansa, ya rufe ido ya ɗora yatsu, ya yi ta gyaɗa kai yana furta wasu kalmomi da ya ce yaren Tibet ne. Sa'adiya ta zauna da mai yaren shekaru, ba ta taɓa jin ko ɗaya daga cikinsu a bakinsa ba. Duban asuba ya zama na hantsi, domin Hakimu ba ya son tashin wuri. Tangaran kuwa aka kife shi, wai warinsa na hawa masa kai. Kowa ya zo, amsa ɗaya ce: sanyi ne ya kama ka. Mai ciwon haƙori sanyi, mai ciwon ido sanyi, matar da ba ta haihuwa sanyi. Abin haushin, da yawa suna warkewa, don yawancin ciwo da kansa yake tafiya. Waɗanda abin ya ƙi kuwa alhazai ne, su hau jirgi su tafi, ba mai dawowa daga Fatalami ta ƙasar Cadi ko Katsina ya kawo ƙara.

Dawuda kuwa sai ka ce an ba shi sarauta. Yana aski yana ba da labari: "Ɗana Hakimu ya ce kaza, ɗana Hakimu ya duba wane." Mutumin da ya yi shekara da shekaru yana sunkuyar da kai in an tambaye shi sana'ar ɗansa, yau shi ke tare mutane a hanya. Sa'adiya ba ta iya ƙwace masa wannan ba, ba ta ma so. Abin da ta sa a gaba ɗaya ne: kada yatsun nan su taɓa ubanta. In tsoho ya yi tari, ta ce ƙura ce. In ya kwana da zazzaɓi, ta ja labule ta ce barci yake, ta jiƙa masa tsamiya a ɓoye. Ta yi shekaru tana wannan gadi, kuma ta yi nasara.

Amma hajji ba ta tsayawa wuri ɗaya. Kowace shekara tana matsowa da 'yan kwanaki, daga sanyi ta gangaro, har ta faɗo tsakiyar zafin da ke narka kitse a jikin rago. Kowa a Makka ya san da haka, har yara. Masu ruwa suka ƙara salkuna, masu tantuna suka ƙara rumfuna. Lurwanu kaɗai ne bai sauya komai ba, sai ma ya sa Sa'adiya ta ƙara dakan citta, wai bana alhazai sun yi yawa.

A irin wannan shekara ce Dawuda ya ce zai hau Arfa. Ba aiki zai je ba, harami zai ɗaura, domin jikinsa na gaya masa ba lalle ya ga ta baɗi ba. Sa'adiya ta yi magiya, ta ce ya bari sai hajji ta juyo sanyi. Ya yi dariya ya ce in ya jira wannan sai dai a yi da ƙasusuwansa. Ta saya masa laima, ya ce shi da ya ratso Sudan da ƙafa ba zai tsaya gaban Ubangiji da rumfa a ka ba. Haka ya fita, zane biyu farare, kai a buɗe kamar yadda harami ya wajabta, ga sanƙo fes.

Da safe a Arfa ta kafa kaskonta a gefen tantunan 'yan Kano, ta dafa masa shayi ta ba shi da waina biyu. Ya sha, ya sa mata albarka, ya shiga cikin jama'a. Rana ta hau. Iska ta tsaya cak, yashi ya yi zafin da takalmi ba ya tarewa. Bayan azahar sai ga mutane sun ɗauko shi ranga-ranga, suka shimfiɗe shi a 'yar inuwar da ke bayan kaskonta. Ya faɗi ne yana cikin addu'a. Fuskarsa ta yi fari, gumi mai yauƙi ya rufe shi, ta taɓa goshinsa ta ji sanyi. Nan take ta gane, domin ta taɓa jin an kwatanta wannan a tsakar gidansu. Ba ma sai an je Tibet ba, kowace tsohuwa a Zahir ta san wanda rana ta buga ruwa ake kwarara masa. Ta fizgo salka ta fara kwance bakinta.

"Kada a taɓa shi da ruwa."

Lurwanu ne, cikin jar rigarsa, hannuwa a ɗage, bayansa jama'a sun yi ɗango, don wani ya ruga ya gaya masa, shi kuma ya taho yana sanar da duk wanda ya gamu da shi. Aka buɗa masa hanya. Aka kwance masa ƙyallen hannu. Ya durƙusa, tsakar rana tsaka, a kan mutumin da ya sha shayi ya yi tafiya ya tsaya a rana, ya ɗora yatsu shida ya rufe ido. Mutane suka yi tsit, wani yana raɗa wa wani cewa yau za a ga aiki, Hakimu ne a kan mahaifinsa.

"Sanyi ne," in ji shi. "Ya shige shi har ƙashi. Ku taɓa ku ji. Yaya, ba ni garwashi, ki narka man shanu."

"Lurwanu, rana ce ta buge shi. Ka tuna abin da malaminka ya ce ranar da zai tafi."

"Ji mace," in ji shi, yana murmushi ga jama'a. "Mai waina za ta koya mini jijiya."

Aka yi 'yar dariya. Ita ba ta kula ba, ta durƙusa ta ɗaga salkar saitin kan tsohon. A nan ne ta ji an riƙe mata zane. Dawuda ne. Idonsa a buɗe, ya san inda yake. Wanzamin da ya yi shekara arba'in yana ganin waɗanda rana ta kayar a wannan fili, ya fi kowa sanin abin da ke jikinsa. Ta kai kunnenta bakinsa.

"'Yar nan, ajiye."

"Baba, zai kashe ka."

"Mutane na kallo. Kada ki kunyata shi a gaban mutane. Ki yi mini wannan."

Ta dube shi, ya dube ta. Ta so ta yi kamar ba ta ji ba. Ruwan yana hannunta, bakin salkar a kwance, abin da ya rage ta karkata hannu kawai. Amma tunda take ba ta taɓa tsallake maganarsa ba, kuma bai saki zanenta ba sai da ya ga ta ajiye. Wani ɗan karambani ya ɗebo garwashi daga murhunta ya miƙa.

Lurwanu ya yi aikinsa tsaf, ba gaggawa, yana bayani. Curi ɗaya a tsakar ka, ɗaya a ƙeya, ɗaya a ƙirji. Hayaƙin tazargade ya tashi. Aka ɗura wa tsoho man shanu mai zafi da citta da masoro. Bai yi ko uhum ba, sai yatsun ƙafarsa da ke lanƙwashewa. Da wutar tsakar kan ta kai fata ya buɗe ido ya nemi ɗansa, ya motsa baki. Na kusa suka ce cewa ya yi, Allah ya yi maka albarka. Gumin ya ɗauke, jikin ya ɗau zafi kamar kasko, Lurwanu ya ce kun gani, sanyin ya fara fita. Kafin rana ta faɗi Dawuda ya cika.

Jama'a suka yi ta barka. Mutuwa a Arfa, ranar Arfa, cikin harami, wa ya samu irin wannan? Aka ce ɗansa ya yi iyakar ƙoƙari, kwana ne ya ƙare. Wanda ya mutu da harami ba a rufe masa kai, don haka aka ɗauke shi da zanensa biyu, sanƙonsa a waje, ga ƙunar nan baƙa, zagayayya, a tsakiya, kowa na gani. Masu tambaya suka tambaya, Lurwanu ya tsaya ya yi musu bayanin gurbin da hikimarsa, har wasu suka tambayi kwatancen gidansa a Zahir. Da aka zo ɗaukar makara, baƙi suka sa kafaɗa, 'yan Kano da 'yan Barno da wani mutumin ƙasar Jawa da bai san sunan mamacin ba. Ɗan da ya haifa yana biye a baya, hannuwa a naɗe a ɗage. Itacen makara yana da kaushi.

Sa'adiya ba ta ce komai ba, a Arfa ko a zaman makoki. Ta riƙe alkawari. Mata suna ta yaba mata haƙuri, ita kuwa in ta rufe ido ba ta ganin komai sai bakin salka a kwance. Turmi dai ta daina taɓawa, man shanu kuma ta ce ya ƙare. Lurwanu bai tambayi dalili ba. Cikin 'yan makonni ya auro wata baiwar Allah mai suna Hajara, mai ƙarfin damtse, daka ya ci gaba.

Da zafi ya zagayo, zazzaɓi ya kwantar da Sa'adiya. Tana kwance da rana a ɗakin da Abdulganiyyu ya zauna, ta jiƙa tsumma ta ɗora a goshi, sai ga shi ya shigo da jar rigarsa, yana warware ƙyalle. Ya tsuguna ya miƙo yatsu. Ta janye hannunta ta tura ƙarƙashin zane.

"Yaya, kawo in duba."

"Akwai kowa a zaure?"

"Ba kowa."

"Hajara fa?"

"Ta tafi ɗibar ruwa."

"To madalla. Baba ya ce kada in kunyata ka a gaban mutane, ban kuwa yi ba. Yanzu daga ni sai kai. Lurwanu, kai ka kashe shi. Rana ce ta buge shi, ka ƙara masa wuta. Ya sani, yana ji yana gani ya kwanta maka, don kada a yi maka dariya. Rabi ka koya, an gaya maka a gabana. Mutum ɗaya ya isa a gidan nan."

Ta zaci zai yi kuka, ko ya zage ta, ko ya tashi ya fita. Da ya yi ɗaya daga ciki, da wataƙila ta sami abin da za ta yafe. Sai ya zuba wa yatsunsa ido, yana juya su, kamar mai neman inda ƙura ta taɓa. Can ya ɗago, fuskarsa a sake, irin ta wanda ya warware matsalar da ta daɗe tana damunsa.

"Na yi ta tunanin abin nan, Yaya. Jijiyar ce ta ruɗe, kuma na gano dalili. Ai ba a shan shayi kafin a duba mutum, malam ya sha faɗa. An ce ranar da safe ya sha shayi. Wa ya ba shi?"

Sa'adiya ta juya fuskarta bango. Ya jira kaɗan, da ya ga ba za ta ba da hannun ba, ya naɗe yatsunsa a hankali, ɗaya bayan ɗaya, ya ce Allah ya sauwaƙe, ya koma zaure, don an yi sallama.

Ta warke da tsamiya da ruwan randa. Ta ci gaba da waina a ƙofar gida, amma ba ta ƙara ɗora tukunyar shayi ba, ko na sayarwa, ko na baƙo. In an tambaye ta, ta ce hayaƙinsa ne ba ta so.